Ranar Da Na Karaya a Ngawundere

Daga Garwa, unguwar Hausare.

Zuwa ga ɗana Kabiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina roƙon Allah ya sa lokacin da za ka buɗe takardar nan kana zaune lafiya a cikin jirgin ƙasa, jakarka a gindin ƙafarka, cikinka a ƙoshe. Allah ya tsare maka hanya daga Garwa zuwa Ngawundere, ya tsare ta daga Ngawundere zuwa Yawunde, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda ba ka san kowa ba.

Kabiru! Ni fa tun ranar da aka kira ka a waya ban dawo daidai ba. Jiya wata mata ta zaɓi atamfa shuɗiya, na naɗe mata ja, har ta kai bakin kasuwa ta dawo tana faɗa, ni kuwa dariya kawai nake yi. Duk wanda ya tsaya a rumfata, ko hanya ya zo tambaya, sai ya ji cewa wata ƙungiyar ƙwallo a Yawunde ta kira ɗana gwajin tsaron gida. Maƙwabcina mai takalma har ya ce, "Malam Sule, don Allah ka bar mu mu yi ciniki, yaron nan ko jirgi bai hau ba ka riga ka kai shi Turai." Na ce ya bar ni, yau rana tawa ce. A rumfar nake rubuta maka wannan, in mai saye ya zo in ajiye biro, in ya tafi in ɗauka. Na zaɓi rubutu ne domin na san halina: in na tsaya a gabanka a tasha, "Allah ya kiyaye" kawai zan iya cewa, sauran maganar ta maƙale.

Shekaranjiya ina alwala a tsakar gida na jiyo ka a ɗakin mahaifiyarka. Ka ce mata, "Dada, moral ɗina ya sauka. An ce waɗanda za su zo duk daga makarantun ƙwallo suke, dogaye, wasu har sun taɓa fita waje." Ita kuma ta ce maka munyal, irin haƙurin nan nasu na Fulani, ta ƙara maka fura. Ni kuwa alwalar nan sai da na sake ta.

Ku yaran lise, 'yan sakandare, kuna cewa moral ya sauka. Mu da Hausa karaya muke ce mata, kuma ina so ka tafi da kalmar a bakinka, domin ta fi ta Faransanci faɗin gaskiya. Ka lura, ita ce dai kalmar da ake faɗa in yaro ya faɗo daga kan mangwaro aka kai shi wurin mai ɗori. Sai dai wannan babu kumburi, babu abin da za a shafa. Mutum yana tsaye lafiyarsa ƙalau, ya ci ya sha, amma wani abu a ciki ya ce masa ba amfani, sai ka ga ya saki abin da yake riƙe da shi tun ba a ƙwace ba. Ba gajiya ba ce, don gajiya in ka yi barci ta tafi. Ba kuma tsoro ba ne. Na sha shiga fili ƙafata tana rawa, na kuma kama ƙwallo. Wanda ya karaya ƙafarsa ba ta ma rawa, ya riga ya gama da wasan a ransa, jira kawai yake a busa usur. Wasu su ce ya sare, wasu su ce gwiwarsa ta yi sanyi. Duk na san su, domin na taɓa zama a cikinta, kuma na daɗe.

Ka san na taɓa tsaron gida, amma abin da ka sani kaɗan ne. Lokacin ina kamar shekarunka, ni ne mai tsaron gidan Hausare a gasar unguwanni ta lokacin hutu. A filin ƙasa muke bugawa, can wajen kogi, ba raga, sai turaku da igiya a sama. Mage ake ce mini. Wallahi Kabiru ina tsalle a lokacin! In na tashi sama sai in ji kamar ba zan sauko ba. Mata masu sayar da gyaɗa a bakin fili har waƙa suka yi mini. A gabana akwai ɗan baya mai suna Dawai, Kirista ne, ɗan duwatsun wajen Mokolo, ya zo Garwa zama wurin kawunsa. Gajere ne, ƙirjinsa kamar turmi, Hausarsa ta kasuwa ce, tana karkacewa, amma ni da shi ko ido muka haɗa mun gane juna.

Wata shekara muka ci gasar. Ana gama wasan wani mutum ya zo ya ce shi daga wata ƙungiya yake a Ngawundere, yana son ni da Dawai mu je gwaji. Na je na faɗa wa kakanka a wannan rumfar da nake zaune yanzu. Ka san shi ɗan kasuwa ne ɗan ɗan kasuwa, tun kakansa da ya zo daga Kano da fatake ba wanda ya taɓa cin abinci da wani abu in ba awo da yanka yadi ba. Na ɗauka zai hana. Sai ya dube ni ya ce, "Je ka gani. Rumfa ba ta gudu."

A saman wata babbar mota mai ɗauke da buhunan albasa muka tafi, ni da Dawai, muna waƙa, muna ɗaga wa mutanen ƙauyuka hannu kamar an riga an ɗauke mu. Da motar ta fara hawan dutsen nan da ke kafin Ngawundere, tana nishi, iska ta canja. Ni ɗan Garwa ban taɓa sanin akwai garin da ake jin sanyi da rana tsaka ba. Dawai yana ta yi mini dariya, wai su a kan dutse aka haife su.

Washegari aka kai mu fili. Ciyawa ce shar, an yi ruwa da safe, ƙasan ja tana santsi. Masu tsaron gida da na tarar duk sun fi ni tsawo, kowa da safar hannu, ni kuwa hannuna tsirara. Kocin wani mutumin kudu ne mai ƙaton ciki, yana magana da Faransanci da sauri kamar ana korarsa, rabin abin da yake faɗa ban gane ba. Aka raba mu gida biyu, aka sa ni a raga, Dawai a gabana.

Ƙwallon farko da aka bugo mini ba ta da wani ƙarfi. Irin wadda a Garwa da hannu ɗaya nake ɗauka. Na durƙusa, ta taɓa jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta sulɓe ta tsakanin ƙafafuna ta shige. 'Yan kallo ba su da yawa, amma dariyarsu ta cika mini kunne. Wani ya ɗaga murya da Fulatanci ya ce a mayar da ni inda aka samo ni.

Wannan ƙwallon laifin ciyawa ne. Duk waɗanda suka biyo baya ni na ci kaina. Bari in gaya maka yadda karaya take shigowa, don ka gane ta tun daga nesa. Da farko bakina ne ya mutu. Ni da nake cika fili da ihu, "Dama! Hagu! Bar mini!", sai na yi tsit. Sannan idona ya bar ƙwallo ya koma kan masu dariya, ya koma kan koci, ina duba ko yana kallona. Sannan ƙafata ta manne a kan layi, ƙwallon da ya kamata in fita in tara sai in tsaya ina jiranta. Dawai ya juyo ya ce, "Mage, yi magana mana! Ba na jin ka!"

Ka san abin da na ce masa? Na ce, "Bari kawai, Dawai. Nan ba wurinmu ba ne."

Wurinmu na ce, ban ce wurina ba. Yaron yana wasansa da kyau, yana tare manyan mutane, ni na ɗebo abin da ke cikina na zuba masa. Na ga fuskarsa ta canja, daga nan shi ma ya fara kuskure. To ka ji wannan da kyau. Mai tsaron gida ba kamar sauran ba ne. Duk lokacin da aka ci ku, mutum goma ne za su juyo su dube ka. Yadda ka shiga raga ka ɗauko ƙwallon nan, a nan suke karanta ko wasa ya ƙare ko da saura. In ka ɗauko ta kai a sunkuye, kana jan ƙafa, ka kashe su duka. Ka shiga da sauri, ka ɗauko, ka wurga tsakiya, ka tafa hannu, ka kira sunan wani. Ko karaya ta gama kama ka, a cikin fili ba a faɗin ta. Tana yaɗuwa fiye da mura.

Aka tashi, koci ya ce kowa ya dawo gobe da safe. Ko kallona bai yi ba, ni kuwa na fassara hakan yadda zuciyata ta so. Da gari ya waye muka fito daga ɗakin da aka sauke mu, Dawai yana ɗaure takalmi, na ce masa, "Bari in sayo mana makala a bakin titi, ina zuwa." Ka san makala, ƙullin fulawar nan da ake soyawa da safe. Na wuce mai makalar, na wuce titin, ban tsaya ba sai tasha. Na sami motar shanu da ta sauke kaya za ta koma arewa, na hau baya. Ko sallama ban yi wa abokina ba.

Abin da zai ba ka mamaki, a kan hanyar nan daɗi na ji. Motar tana gangarowa, zafin Garwa yana dawowa jikina, na ji kamar an sauke mini kaya. Haka karaya take yi. Ba da zafi take zuwa a ƙarshe ba, da sauƙi take zuwa, ta ce maka ai ka huta. Saboda haka ina roƙonka, duk ranar da wasa ya ɓaci maka, kada ka yanke wata shawara a ranar. Kada ka haɗa kaya, kada ka nemi tikiti, kada ka kira kowa ka ce ka fasa. Ka yi wanka, ka ci abinci ko ba ka so, ka yi sallarka, ka kwanta. Da safe ka ɗaure takalmi ka je filin, ko da jan ƙafa ne. Kuma kada ka sallami kanka. In ba sa son ka, suna da baki, su faɗa maka. Ka zauna har sai ka ji daga bakinsu.

Na iso gida, kakanka yana auna wa wani yadi. Ya ɗago ya ce, "Har an gama?" Na ce, "Baba, ba rabona ba ne." Ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya miƙo mini almakashi. Shi ke nan, daga ranar ban sake tsayawa a raga ba. 'Yan unguwa suka yi ta zuwa, na ce gwiwa ke damuna.

Wannan kuskuren ya fi na farko tsawon rai. Ban kira abin da sunansa ba. Na sa masa rigar ƙaddara, na ce haƙuri na yi, har ni kaina na yarda. Mutane suna yaba mini, wai Sule ya yi hankali, ya bar wasan yara ya kama sana'ar gidansu. Ni musulmi ne, na yarda abin da Allah bai rubuta maka ba ba za ka samu ba. Amma ni ban tsaya na ga abin da aka rubuta ba, na gudu tun ba a buɗe ba. Wanda ya yi iyakar ƙoƙarinsa aka ce masa a'a, shi ne yake da ikon cewa ba rabonsa ba ne. Ni abin da ya kamata in faɗa wa mahaifina shi ne, "Baba, na karaya." Da na faɗi haka, na san shi, da ya ajiye almakashin nan ya ce in koma.

Ban ce rayuwata ta lalace ba. Rumfar nan ta ciyar da ku, ta aurar da yayyenka mata, na gode wa Allah. Amma abin da mutum ya ƙi kira da sunansa ba ya tafiya, wuri yake samu ya kwanta. Nawa ya kwanta har sai da aka haife ka.

Kana ɗan ƙarami ka fara tare ƙwallon tsumma a ƙofar gida. Ranar da na fara ganin ka faɗi gefe ka cafke ta, gabana ya faɗi, domin kaina na gani. Maimakon in yi murna sai na ji haushi. Ka tuna abin da nake ce maka? "Ƙwallo ba ta ɗan Hausare ba ce. Ka ga wani namu da ya ci abinci da ita?" Ka tuna ranar da ka shigo da gudu ka ce an zaɓe ka mai tsaron gidan lise, na ce, "To, sai me?" Na ga yadda kafaɗarka ta sauka. Wannan shi ake kira karya gwiwa. Ka ga kalmar ta juya: ɗazu ni ne na karaya, yanzu ni ne mai karyawa. Kuma yawanci haka take tafiya. In ka ji mutum ya dage yana gaya maka abu ba zai yiwu ba, ka duba da kyau, sau da yawa tasa ce tsohuwa yake ɗora maka, yana kiran ta shawara. Za ka gamu da irinsu a Yawunde, wasu manya ne, wasu ma suna ƙaunarka. Ka gaishe su da ladabi, ka saurara, ka ce useko, wato na gode, ka wuce filinka.

Da ta ni ce da tuni ka bari. Dada ce ta tsaya. Ita ta sa aka kawo maka safar hannunka ta farko daga gwanjo, ta ɓoye a cikin kwallar tufafinta don kada in gani. Na gani, na yi kamar ban gani ba. Wata rana ta ce mini, "Malam, wai me ƙwallo ta yi maka ne?" Na ce ba komai. Ta ce, "Mutum ba ya tsanar ba komai haka."

Abin da ya juya ni, a kasuwar Bibemi ya faru, shekarar da ta wuce. Na kai atamfa ranar kasuwa, ina cikin shimfiɗa kaya, sai na ji wata murya daga wajen masu gyaɗa ta tsaga kasuwar: "Mage!" Rabona da jin sunan nan tun kafin a haife ka. Na juya, ga wani gajeren dattijo mai furfura yana ɗingishi yana ture mutane, hannuwa a buɗe. Dawai! Ya rungume ni har sai da hulata ta faɗi. Ya ja baya ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo tafin hannu ya ce, "To, ina makalan?"

Kabiru, mun yi dariya har muka zauna a ƙasa. Mutane suka taru suna kallon tsofaffi biyu suna hawaye. Ya ja ni rumfar mai shayi, ya ba ni labari. An ɗauke shi a ƙungiyar, ya buga 'yan shekaru, gwiwa ta lalace, ya dawo ya kama noma a wajen Bibemi, yana da gyaɗa da masara da jikoki. Da dariya ta lafa na tambaye shi abin da na daɗe ina tsoron tambaya. Na ce, "Da safen nan, kocin ya ce wani abu?"

Ya ce, "Ya tambaya. Ya ce ina ɗan Garwan nan mara safa? Na ce ya je sayen makala. Muka jira, har ya aika yaro bakin titi."

Na ce, "Da zai ɗauke ni?"

Dawai bai yi mini ƙarya ba, shi ya sa nake son sa. Ya ce, "Ban sani ba, Mage. Dogayen nan ma sun iya. Wataƙila da ya ɗauke ka, wataƙila a'a. Amma ya kawo safar hannu a aljihunsa, na gani da idona." Ya kurɓi shayi ya ce, "Kana tsammani kai kaɗai ne? Ni ma ranar na karaya. Maganar da ka faɗa mini a fili ta shige ni, na kwana ina cewa gobe zan koma dutse. Sai dai ni na ce bari in je filin tukuna, in ya so in gudu da rana. Da rana ta yi kuma na manta."

A motar dawowa tunani ya cika ni. Ba baƙin cikin safar nan nake yi ba. Kai nake tunani.

Shi ya sa ka gan ni a wasan ƙarshe na gasar hutun bana, wanda kuka buga da 'yan unguwar Yelwa. Kai ka san abin da ya faru a fili, amma ba ka san nawa ɓangaren ba. Na rufe rumfa da la'asar, na ce wa maƙwabcina zan je gaisuwar mara lafiya. Na laɓe a bayan mutane don kada ka gan ni. Aka ci ka ta farko, ba laifinka. Aka ci ka ta biyu, wannan kam laifinka ne, ka fita ba ka samu ba. Sai na ga ka shiga raga a hankali, kai a ƙasa. Na ga bakinka ya rufe. Ɗan bayanka ya juyo yana yi maka magana, ka ɗaga masa kafaɗa. Kabiru, na san wannan kafaɗar! Ban san lokacin da na tattare babbar riga ba. Na zagaya filin nan da gudu, ni da ko mashin ba na bi da gudu, na ture wani mai sayar da ruwa, na tsaya a bayan ragarka ina haki na ce, "Kabiru! Ɗaga kai! Yi musu magana!"

Yadda ka juyo ka dube ni, kamar ka ga aljani, har yau in na tuna sai in yi dariya ni kaɗai. Ka ce, "Baba?" Na ce, "Ba ni za ka kalla ba, ga ƙwallo can!"

Abin da ka yi bayan nan, ni ko a zamanina ban yi ba. Wadda ka ture da yatsu ta haye saman ƙarfe! Wadda ka fita ka ɗauke a ƙafar dogon yaron nan na Yelwa! Da aka ba su fenariti kuwa na rufe ido, ihun mutane ne ya gaya mini ka tare. An ce na yi tsalle, an ce na rungume wani ɗan sanda. Ban musa ba. Ba ku ci wasan ba, kofin ya tafi Yelwa, amma na koma gida murya a dishe, ina jin kamar ni aka ba kofin. Ban san abin da mutumin ƙungiyar Yawunden nan da ya zo kallo ya gani a wurinka ba har ya karɓi lambarka. Ni dai abin da na gani, yaro ne da ya karaya a gaban jama'a, ya kuma miƙe a gabansu.

To a can babu ni a bayan raga. Shi ya sa nake so ka san abin da za ka yi da karaya in ta zo, don za ta zo, ko ba a gwajin nan ba. Na ce maka a fili ba a faɗin ta. Amma in an tashi, ka faɗe ta, kada ka haɗiye kamar yadda na yi. Ka kira Dada, ko ka kira ni, ka ce, "Baba, yau na karaya." Ba abin kunya ba ne, ba kuma raunin imani ba ne. Ba zan ce maka "kada ka karaya" in kashe waya ba, wannan maganar kowa ya iya ta, kuma ba ta taɓa ɗaga kowa ba. Zan tambaye ka ta ina ƙwallon ta shiga, ina ka tsaya, wa ya bar mutuminsa. In muka bi ta ɗaya bayan ɗaya za ka ga abin da ya zame maka dutse kuskure ne guda biyu da ake gyarawa da safe.

Haka kuma za ka yi wa wasu. A cikin yaran da za ka tarar akwai wanda zai fi ka shiga wani hali, wataƙila daga wani ƙauye ya zo, ba ya jin yaren kowa. In ka ga ya yi tsit, ya ware gefe, ka je ka zauna kusa da shi, ka raba abincinka da shi, ka tashe shi da safe ku tafi fili tare. Ko da mai tsaron gida ne, ko da wuri ɗaya kuke nema. Kada ka taɓa samun wuri ta hanyar karya gwiwar wani. Ka fi shi a raga, wannan halal ne. Kuma ba ruwanka da ko masallaci yake zuwa ko coci, ko daga ina ya fito.

In sun ɗauke ka, alhamdu lillahi, Hausare ba za ta yi barci ba, na riga na yi maganar wani rago a kasuwar dabbobi. In kuma sun ce a'a, ka yi musu godiya, ka tambayi kocin abin da ya rage maka, ka riƙe amsar da kyau, ka dawo. Ragon dai za a yanka.

Dada tana gaishe ka, ta ce dakkeren gero na shan nono da kilishin da ke ƙasan jaka ba na rabawa a jirgi ba ne, ka bari sai ka isa. Ta ce rigar sanyin tana aljihun gefe, ka sa ta tun a Ngawundere. Yayyenka suna yi maka addu'a. Ka riƙe sallah a kan lokaci, ka kiyayi abin da za ka sa a bakinka, ka girmama na gaba da kai. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane, ya tsare ƙashinka da idonka, ya ƙarfafa zuciyarka, ya dawo mana da kai lafiya da labari mai daɗi. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe wa babanka.

Saura abu ɗaya, wannan kuma ba uba ne ke magana ba, mai tsaron gida ne. Na daɗe ina son faɗa maka, girman kai ya hana ni. In ƙwallo ta zo ƙasa-ƙasa ta hagunka, kana jinkirin faɗuwa, domin nauyinka yana kan dugadugai. Ka tsaya a kan yatsun ƙafa, ka ɗan sunkuyo gaba, hannun hagu ya riga jiki tafiya. Ka gwada tun ranar farko, ka kira ni ka gaya mini yadda ta kasance.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sule